Darasi: Raunin Tsokar Damtse a Fagen Wasa

Damtse shi ne ɓangaren hannu daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Ƙashi ɗaya ne a cikinsa, dogo, tsoka ta rufe shi gaba da baya. Ta gaba, wadda ke tasowa idan mutum ya dunƙule hannu ya lanƙwasa shi, ita ce ƙwanji. Daga sama kai biyu gare ta, kowanne da farar jijiyarsa mai tauri da ta kama allon kafaɗa, kuma doguwar daga cikinsu tana ratsawa ta cikin gaɓar kafaɗar kanta. Daga ƙasa kuwa jijiya guda ce, mai kauri, ta tsallake gwiwar hannu ta kama ƙashin sangalin hannu na ɓangaren babban yatsa.

Aikin ƙwanji biyu ne. Yana taimakawa wajen lanƙwasa gwiwar hannu, sannan shi ne ke juya tafin hannu ya kalli sama, kamar yadda ake yi wajen murɗa makulli ko ɗaure noti da hannun dama. Akwai wata tsoka shimfiɗe a ƙarƙashinsa, manne da ƙashi, wadda ba a ganin tashinta. Ita ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin lanƙwasawa. A bayan damtse kuma akwai tsoka mai kai uku da ta kama tsinin gwiwar hannu. Aikinta miƙar da hannu, don haka ita ce tsokar naushi da turi da tokare ƙasa idan mutum zai faɗi.

Yadda raunin ke aukuwa

Tsoka ba ta cika yagewa a lokacin da take ja ita kaɗai ba. Ta fi yagewa idan ta ɗaure tam, sai wani ƙarfi daga waje ya fizge ta zuwa inda ba ta nufa ba. Ɗan kokawa da ya rungumo ƙafar abokin karawarsa, abokin ya fincike da ƙarfi, hannun ya miƙe ba shiri. Mai ɗaga ƙarfe da nauyi ya rinjaye shi yana sauke shi. Mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa da ya tare ƙwallo mai gudu da hannu ɗaya. Ɗan dambe da ya kai naushi da iyakar ƙarfinsa ya sami iska. A duk waɗannan, wurin da ya fi saurin buɗewa shi ne mahaɗar jan nama da farar jijiya.

Hanya ta biyu ita ce duka. A dambe, hannun da ake riƙewa garkuwa yana shan naushi a damtse, naushin ya matse tsoka da ƙashi, ƙananan hanyoyin jini su fashe, jini ya taru a ciki. Hanya ta uku ba ta da rana ɗaya da za a nuna a ce a nan abin ya faru. Masu ƙwallon raga da ƙwallon hannu da masu iyo, waɗanda ke yawan ɗaga hannu sama da kai, jijiyar saman ƙwanjinsu tana gogar ƙashi yau da gobe har ta kumbura, ciwon ya zauna a gaban kafaɗa. Igiyar guga ma ba rana ɗaya take tsinkewa ba, silinta ne ke cinyewa ɗaya bayan ɗaya a bakin rijiya.

Gajiya tana da hannu babba. Tsokar da ta gaji ba ta iya shanye fizga kamar wadda ta huta, shi ya sa ake yawan jin rauni a ƙarshen wasa, ko a gasar da ake karawa kwanaki a jere, irin gasar kokawar takobi da jihohin Nijar takwas ke haɗuwa a kanta. Shiga fage ba a ɗumama jiki ba, musamman da sanyin hunturu, da tsohon rauni da bai gama warkewa ba, su ma suna buɗe ƙofa.

Ba kowane ciwon damtse ne rauni ba. Wanda ya daɗe bai motsa jiki ba, ya je ya yi atisaye mai nauyi, zai tashi washegari da tsamin jiki a hannu biyu, ya tsananta a kwana na biyu ko na uku, ya wuce da kansa cikin mako guda. Rauni kuwa nan take ake jinsa, a wuri ɗaya, kuma mai shi yakan iya nuna wurin da yatsa ya faɗi motsin da ya jawo shi.

Matakan rauni

Likitoci sun kasa raunin tsoka mataki uku. A mataki na ɗaya silin tsoka kaɗan ne suka yage: akwai ciwo idan an taɓa ko an miƙe hannun, amma ƙarfi yana nan kusan yadda yake. Wannan yakan warke cikin mako 1 zuwa 3. A mataki na biyu wani sashe mai yawa ya yage, wurin ya kumbura, ƙarfi ya ragu a fili, bayan kwana ɗaya ko biyu fata ta yi duhu saboda kwanciyar jini. Sau da yawa duhun yana gangarawa ƙasa da wurin raunin, har zuwa sangalin hannu, domin jini yana bin gangare. Warkewarsa takan ɗauki mako 4 zuwa 8. Mataki na uku shi ne tsinkewa gaba ɗaya, ko ta tsokar ko ta jijiyarta, kuma yana da nasa hukunci da za a zo kansa.

Kwana uku na farko

Abin da aka yi wa rauni a kwana ukun farko yana da tasiri a kan tsawon jinyarsa. Da farko a bar wasan nan take. Jarumtar a ƙarasa turmi da hannun da ya yage ita ce ke mayar da raunin mako biyu ya koma na wata biyu, kuma kiɗa da zugar 'yan kallo ba za su raka mutum jinya ba.

Sai a sanyaya wurin. A naɗe ƙanƙara a cikin tsumma mai ɗanshi a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa biyu ko uku. Ba a ɗora ƙanƙara kai tsaye a kan fata, domin tana ƙuna. Inda babu wutar lantarki, ledar ruwa mai ƙanƙara da ake sayarwa a bakin titi ta wadatar, in babu ita a jiƙa tsumma da ruwan randa a riƙa sauyawa. A naɗe damtsen da bandeji mai talewa, a fara daga kusa da gwiwar hannu a yi sama, ba tare da an matse ba. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka kumbura, ko suka fara mutuwa, ɗaurin ya yi tsauri, a kwance shi. Da dare a sassauta ko a cire. Wajen kwanciya a ɗora hannun a kan matashi ya ɗara ƙirji tsawo. Idan ciwon ya hana sakewa, a rataye hannun a wuya da ƙyalle na kwana biyu ko uku kawai, domin kafaɗa da gwiwar hannu gaɓoɓi ne masu saurin sandarewa idan an daɗe ba a motsa su ba.

Wannan tsari na hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga hannu, wani likitan wasanni ɗan Amurka, Gabe Mirkin, ne ya yaɗa shi a 1978. A 2014 shi da kansa ya dawo ya ce yawan ƙanƙara da hutun da ya wuce kima suna iya jinkirta warkewa, tunda kumburin farko yana cikin hanyar da jiki ke gyara kansa. Abin da aka tsaya a kai yanzu shi ne ƙanƙara ta rage zafin ciwo ce a kwanakin farko, ba ita ce maganin ba, kuma hutu na ɗan lokaci ne kafin a fara motsi.

Tausa, gashi, ɗori da ƙaho

Al'adar da aka saba, da zarar wani ya ji ciwo a fage, sai a kawo man zafi ko man kaɗanya a murje wurin da ƙarfi, a gasa da ruwan zafi, ko a kai shi wurin mai ɗori a ja hannun. Niyyar mai kyau ce, amma ga sabon raunin tsoka kuskure ne. A cikin tsokar akwai hanyoyin jini da suka fashe, jiki yana ƙoƙarin toshe su. Zafi yana buɗe su, murza tana farfasa gudan jinin da ya fara rufe su, ja kuma yana ƙara tsawon yagar. Sakamakon shi ne ƙarin jini a cikin nama, ƙarin kumburi, da tabo mai tauri. Giya ma tana ƙara zubar jinin.

Akwai wata illa da ta fi shafar damtse da cinya. Idan jini ya taru da yawa a cikin tsoka bayan duka, aka ci gaba da murza ta ko aka koma wasa da wuri, jiki yana iya gina ƙashi a tsakiyar naman. Mai shi zai ga ciwon ya ƙi lafawa, wani dunƙule mai tauri ya fito, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa sosai. Bayan kamar mako 3 zuwa 4 yakan fito a hoton ƙashi. Yawanci yana lafawa da hutu da motsi a hankali, amma cikin watanni, kuma tsokar da ke ƙarƙashin ƙwanji tana cikin waɗanda abin ya fi kamawa.

Ɗori na ƙashi ne, tsoka ba ta da abin ɗorawa. Ɗaure damtse da karare a matse yana iya toshe jini, kuma hannaye da yawa sun lalace ta wannan hanya. Ƙaho da tsaga ba sa kaiwa ga jinin da ya kwanta a can cikin tsoka, sai dai su buɗe fata ga ƙwayoyin cuta, har da na ciwon hanta idan askar ta taɓa wani. Gashi da tausa mai sauƙi suna da lokacinsu, wato bayan kwana uku sun wuce kuma kumburi ya fara saɓewa.

Tsinkewar jijiya

Jijiyar ƙwanji tana tsinkewa a ɗaya daga wuri biyu, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Mafi yawa a sama take tsinkewa, a kafaɗa, galibi ga wanda ya haura shekara 40 kuma jijiyar ta riga ta cinye. Sai a ji ƙara kamar an karya tsinke, tsokar ta zame ƙasa ta dunƙule kusa da gwiwar hannu. Ganinta da ban tsoro, amma tunda ɗayan kan yana nan a manne, hannun yana ci gaba da aiki, ƙarfin da ake rasawa kaɗan ne. Da yawa ba sa buƙatar tiyata, sai matashin ɗan wasa ko mai aikin ƙarfi.

Tsinkewar ƙasa, a gwiwar hannu, ita ce abin kula. Ta fi samun maza masu shekara 30 zuwa 60, a lokacin da nauyi ya fizge hannun da ke lanƙwashe. Ana jin fas a cikin gwiwar hannu, wurin ya kumbura, fata ta yi duhu, tsokar ta janye sama wajen kafaɗa ta bar rami a ƙasa. Ga inda yaudararta take: bayan mako ɗaya ko biyu ciwon yana raguwa sosai, kuma mutum yana iya lanƙwasa hannunsa, saboda tsokar ƙarƙashi tana nan lafiya. Sai ya ɗauka targaɗe ne ya warke. Alhali jijiyar ba ta komawa ta manne da ƙashi da kanta. Idan ba a ɗinke ta ba, ana rasa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin juya tafin hannu da kusan kashi 30 na ƙarfin lanƙwasawa. Ga makaniki ko kafinta ko ɗan kokawa, wannan asara ce ta sana'a.

Ɗinkin ya fi sauƙi da nasara idan an yi shi cikin mako 2 zuwa 3 na farko. Bayan haka tsokar tana gajarcewa, tabo ya kama jijiyar a inda ta tsaya, har ta kai sai an yi ƙari da wata jijiya kafin ta isa ƙashin. Likita yana gane ta da gwaji mai sauƙi: a lanƙwasa hannu, tafi yana kallon sama, ya sa yatsa ta gefen waje ya maƙalo jijiyar a cikin gwiwar hannu. Idan lafiya take, yatsan zai kama ta kamar kirtani. Idan ta tsinke, babu abin kamawa. Hoton ƙashi ba ya nuna tsoka da jijiya, don haka jin cewa hoto bai nuna karaya ba ba ya nufin hannun lafiya yake. Sikanin ko na'urar MRI ne ke nuna su. Irin wannan aiki na likitan ƙashi ne, a wurare kamar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ko asibitocin koyarwa.

Jijiyar tsokar baya ba ta cika tsinkewa ba. Idan ta tsinke, mutum yana kasa miƙe hannu idan an tokare shi, kuma akan ji rami a saman tsinin gwiwar hannu. Ita ma yawanci ɗinki take buƙata.

Abubuwa uku suna raunana jijiya tun kafin ranar tsinkewa. Shan taba yana rage jinin da ke isa gare ta. Allurai da ƙwayoyin ƙara girman tsoka da wasu masu ɗaga ƙarfe ke amfani da su suna sa tsoka ta fi ƙarfin jijiyar da ke riƙe da ita. Sannan maganin sifurofuloksasin da danginsa, wanda ake yawan sha don taifot ba tare da takardar likita ba, an san yana jawo kumburi da tsinkewar jijiya ga wasu. Wanda ke shansa ya ji ciwon jijiya, ya dakatar da wasa ya koma wurin likita.

Alamun da ba a jira da su

Bayan alamun tsinkewa, akwai wasu da ke buƙatar asibiti a ranar. Idan damtsen ya karkace, ko yana motsi a inda babu gaɓa, karaya ce. Gasar lanƙwasa hannu a kan tebur ta shahara da karya ƙashin damtse ta hanyar murɗa shi. Wata jijiyar saƙo tana zagaye wannan ƙashi ta baya, shi ya sa wanda ya karye a nan wuyan hannunsa kan saki ya kasa ɗagawa. Haka kuma idan yatsu sun mutu ko sun yi sanyi, ko hannun ya kumbura ya yi tauri ciwon yana ƙaruwa duk da magani, ko wurin ya yi ja da zafi tare da zazzaɓi. Fitsari mai launin shayi bayan atisaye mai tsanani alama ce ta narkewar tsoka, kuma tana iya lalata ƙoda. Ciwon hannun hagu da ya zo tare da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi, ko da a fili ya fara, a ɗauke shi ciwon zuciya ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Mai cutar sikila kuma kada ya yanke wa kansa hukunci cewa tsoka ce.

Maganin ciwo

Farasitamol ya isa yawancin raunuka. Babba yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, bai wuce sau huɗu a yini da kwana ba, da tazarar aƙalla awa huɗu. Ibufurofen da dikulofenak suna rage ciwo da kumburi, amma a sha su bayan cin abinci, na 'yan kwanaki, kuma ba su dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mace mai ciki ba. Mai asma da mai hawan jini su tambayi likita tukuna. Haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna, a guje shi, domin sau da yawa magani iri ɗaya ne a ciki har biyu ko uku. Shan tiramadol don a iya komawa fage yana kashe ƙararrawar da ke hana mutum ƙarasa yaga tsokarsa, ga kuma kamuwa da shi.

Komawa fage

Tsoka tana warkewa da sabon nama haɗe da tabo. A makonnin farko tabon ba shi da ƙarfi, kuma silinsa a hargitse suke. Motsi da nauyin da ake ƙarawa a hankali ne ke jera su su bi layin tsokar. Hannun da aka ajiye ba motsi yana ramewa ya sandare, wanda aka ɗora wa nauyi da wuri kuma ya sake yagewa a wuri ɗaya.

Daga kwana na uku ko na huɗu, a fara lanƙwasa hannu da miƙe shi, da juya tafi sama da ƙasa, da kaɗa kafaɗa, sau da yawa a yini, iyakar inda ciwo bai hana ba. Idan wannan ya zauna, sai a koma ɗaure tsoka ba tare da motsi ba: a tokare tafin hannu a ƙarƙashin tebur, a tura a hankali na daƙiƙa 5 zuwa 10, a saki. Daga nan a ɗauki nauyi kaɗan, kamar gorar ruwa mai rabin lita, wadda nauyinta rabin kilo ne, a riƙa ɗagawa sannan a sauke a hankali. Saukewar ta fi ɗagawar muhimmanci, domin ita ce ke koya wa tsoka jure irin fizgar da ta yaga ta. Ana ƙara nauyi ne idan na jiya bai bar ciwo ko kumburi yau ba. Idan ya bari, a koma baya mataki ɗaya. Raunin mataki na biyu da duk wanda aka yi wa tiyata sun fi kyau a hannun ma'aikatan sashen gashin ƙashi na asibiti. Jiki yana buƙatar kayan gini a wannan lokaci: wake, ƙwai, kifi, nama, nono, gyaɗa, da isasshen barci.

Kalanda ba ta yanke ranar komawa wasa, hannun ne ke yankewa. Ya zama yana lanƙwashewa yana miƙewa kamar ɗan'uwansa, babu ciwo idan an danna wurin, ƙarfinsa ya kusa daidai da na lafiyayyen, kuma an gwada motsin wasan da kansa a wajen atisaye, da rabin ƙarfi sannan da cikakke, ba a ji komai ba. Ɗan dambe ya fara da naushin iska da buhu kafin ya tsaya gaban mutum. Bayan an koma, a riƙa ɗumama jiki na kamar minti 10 kafin kowane wasa, kuma a ƙarfafa tsokar baya da ta kafaɗa tare da ƙwanji, ba ƙwanji kaɗai ba don ya fi ban sha'awa a ido. Wanda aka ɗinke wa jijiyar ƙasa yakan yi wata 4 zuwa 6 kafin likita ya sake masa ya ɗaga nauyi ko ya shiga kokawa.